Kwalin gwajin ruwa na API: abin da ya nuna min a tankin kifina, da abin da bai iya nunawa ba

Ni dai da farko rantsuwa zan yi maka cewa faɗa ne yake kashe min kifaye. Kullum na tashi da safe sai na tsinci ɗaya a kwance a kan tsakuwa ko yana yawo ciki sama, sai na tsaya ina hararar taiga bab ɗina guda uku ina cewa ku ne, wallahi ku ne. Tankin lita 60 ne, na cika shi da ruwa ranar Asabar, Lahadi na zuba kifi goma sha huɗu a lokaci ɗaya, gofi da niyon tetra da beta namiji guda da su taiga bab ɗin, harda golfish biyu dan sun min kyau. Wanda ya sayar min bai ce min uffan ba, ni kuma ban tambaya ba.

Sai da takwas suka tafi sannan wani da ya daɗe a harkar yace kafin ka ƙara sayen ko da kifi ɗaya ka nemi API Freshwater Master Test Kit. Yanzu wata bakwai kenan ina amfani da shi, shi yasa nace bari na faɗi yadda na same shi.

Abin da ke cikin kwalin ba yawa, kwalaben magani bakwai masu ɗigo, 'yan kwalaben gilashi huɗu masu murfi da layi a daidai mil 5, sai takardar launuka da ɗan littafin bayani. Yana auna pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, kashi biyu, na ƙasa daga 6.0 zuwa 7.6 da na sama daga 7.4 zuwa 8.8, sannan amoniya da naitirait da naitiret. Ka ɗebi ruwan tanki zuwa layin, ka ɗiga magani, ka rufe ka girgiza, ka jira minti biyar ka kwatanta da takardar. Shikenan aikin.

Gwajin farko da na yi ba zan manta ba. Na ɗiga takwas daga kwalba ta farko ta amoniya, takwas daga ta biyu, na ajiye a bakin taga ina kallo. Ya kamata ruwan ya tsaya rawaya in babu komai, ni nawa a gaban idona ya fara juyawa kamar an jiƙa ganye a ciki, kafin minti biyar ya koma kore sosai wajen 2 ppm, wato ma'aunin yawan amoniyar da ke cikin ruwan. Na naitirait kuma da ya kamata ya zama shuɗi mai haske sai ya koma shunayya tun kafin na gama murɗa murfin. Nan na gane dalilin da yasa gofi suke taruwa a saman ruwa suna buɗe baki kamar masu haki, ashe ba abinci suke roƙo ba, ni kuma sai na ƙara watsa musu abinci, ina ƙara wa wuta fetur ban sani ba.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Kifi yana fitar da amoniya, kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma suna ƙarawa, kuma guba ce. Akwai bakteriya masu amfani da suke zama a soson filta, wasu su mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne yana hana jinin kifi ɗaukar iska, wasu kuma su mayar da shi naitiret wanda yake da sauƙi, shi ake ragewa da canjin ruwa. Sabon tanki babu waɗannan bakteriyan, sai sun ɗauki kamar sati huɗu zuwa shida kafin su kafu. Toh ni kwana ɗaya na ba su. Kuma duk sati ina cire soson na wanke shi tas a bakin famfo ina ganin tsafta nake, alhali kulorin ɗin ruwan famfo yana kashe 'yan kaɗan ɗin da suka fara taruwa. Yanzu a cikin bokitin ruwan da na cire daga tanki nake matse shi kawai na mayar.

Abin da nake nema duk sati yanzu: amoniya 0, naitirait 0, naitiret ƙasa da 40, in ya tsaya wajen 20 ma ya fi min. Ina canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da wanda aka sa wa maganin kulorin.

Wani kuskure nawa da ya kamata na faɗa, sati uku ina samun naitiret 0 ina murna, ashe ban karanta littafin da kyau ba. Kwalba ta biyu ta naitiret sai ka girgiza ta da ƙarfi daƙiƙa 30 saboda maganin yana kwanciya a ƙasa, bayan ka ɗiga kuma ka girgiza 'yar kwalbar gwajin minti ɗaya cur. Da na yi yadda aka ce sai ga ruwa ya koma ja. Haka kuma kar ka duba launin da daddare ƙarƙashin ƙwan lantarki mai rawaya, ka bari sai da hasken rana ka jingina kwalbar da farin wajen takardar, in ba haka ba zaka yi ta gardama da kanka ko rawaya ne ko kore.

Toh wajen haɗa kifaye fa, a nan ne nake ganin ya biya ni fiye da yadda na zata, amma rabi ne kawai. Ruwana yana tsayawa 7.6 zuwa 7.8, da na ga haka sai na fahimci dalilin da yasa gofi suke walwala su kuwa niyon tetra kullum a dushe. Niyon asalinsu rafukan Amazon ne, ruwa mai laushi mai ɗan tsami suka fi so, gofi da moli kuma ruwa mai nauyi. Su sikilid na tafkin Malawi ma sai wajen 7.8 zuwa sama. Maimakon na dinga zuba magunguna ina kokawa da pH sai na zaɓi kifin da ya dace da ruwan da nake da shi, hankalina kwance. A sani dai babu gwajin nauyin ruwa a cikin wannan kwalin, wato GH da KH, daban ake sayensu.

Sauran rabin kuwa babu kwalbar da zata faɗa maka, hali ne da girma da zafin ruwa. Bayan ruwa ya gyaru tsaf, sifili sifili, sai ga jelar betana tana ta raguwa kamar tsumman da ɓera ya ci. Na zauna a gaban gilashin wani dare na kashe fitilar ɗaki, ina gani ɗaya daga cikin taiga bab ya zagayo ta bayan dutse ya fizgi jelar ya wuce abinsa kamar ba shi ba. Kenan zargin da na musu tun farko ba duka ne ƙarya ba. Su cizon jela ɗabi'arsu ce, musamman in sun yi kaɗan, ana so su kai shida ko fiye su dinga fitinar junansu, kuma ko a haka kar a haɗa su da mai doguwar jela irin beta ko gofi ko enjel. Beta maza biyu kuwa ko a mafarki. Golfish ruwan sanyi yake so wajen digiri 18 zuwa 22, sauran kuma 24 zuwa 27 da hita, ga shi da kashi kamar me, dole na raba su. Enjel in ya girma niyon abincinsa ne, dan duk abin da ya shiga bakin kifi toh ya shiga. Oska da fileko da kake gani ƙanana kamar yatsa suna kai santimita 30, fileko har ya wuce, lita 60 ba gidansu bane.

Yanzu abin da ke tankin gofi shida ne da kori shida a ƙasa, na sa musu yashi mai laushi saboda 'yan gashin bakinsu kar tsakuwa ta cinye. Beta yana nasa tankin shi kaɗai, jelar ta fara tsirowa. Duk sabon kifi sai ya yi sati uku a wani ƙaramin tanki ina lura ko fararen ɗigo zasu fito masa kafin ya shiga cikin jama'a, kuma in na ƙara kifi ina gwada amoniya kwana uku a jere.

In ka tambaye ni zan sake saye? Eh zan saye, kwalaben ma har yanzu ko rabi basu yi ba banda ta naitiret da na ɓarnatar a satin shirmena. Ka dai duba ranar lalacewa a jikin kowace kwalba, ka ɗauraye 'yan gilasan bayan kowane gwaji, kuma ka ajiye inda yara basa kaiwa dan magungunan suna ƙona fata da ido.