Gyaran zaure a hannun maginan gargajiya na Zazzau: yana biyan kuɗinsa?

A cikin birnin Zazzau da zaure ake gane gida. Nan ake sallama, nan maigida ke ganawa da baƙi, nan ake zaman makoki. Shi ya sa iyalai da dama, ko sun rushe cikin gida sun tayar da bulo, sukan bar zauren ƙasa yadda kakanni suka bar shi, in ya tsage a nemo magini. Masu aikin suna nan har yau, magada sana'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya nuna iyakarta a Masallacin Juma'a na Zariya cikin ƙarni na 19.

Inda suka fi burgewa shi ne kwaɓi. Jar ƙasa ake jiƙawa, a zuba yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta yi danƙo. Tubalin da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai a tsuke, a shanya ya bushe ƙayau kafin a jera shi kai sama. Wanda ya ɗora ɗanyen tubali saboda gaggawar mai gida, tsagar za ta dawo tun kafin damina ta biyu.

Rufi kuwa sai an sa ido. Azara ta gari ta tsohuwar giginya ce, baƙa, mai nauyi, gara ba ta iya mata. Mai fari-fari daga tsakiyar itacen ta fito, taushi gare ta, kada a karɓa ko da araha. Kuma azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kamar mita 2, sai ta lanƙwashe. Zaure mai faɗi baka yake bukata, wato lanƙwasasshen gini na ƙasa da azara mai tallafe rufi, ko ɗaurin guga, inda bakunan ke gittawa juna, kuma ba kowane magini ne ya iya ba. A nemi ganin wanda ya taɓa yi kafin a ba da kafin alƙalami.

Shafen makuba, wato ruwan jiƙaƙƙen ɓawon ɗorawa da aka kwaɓa da ƙasa, yana kare bango daga ruwa sosai, ga launi mai kyau. Laso, wani shafen gargajiya mai hana ruwa shiga, ya fi shi ƙarko a kan soro da zanko, sai dai katsin da ake haɗa shi da shi, wato abin da ke kwantawa a ƙasan ramin rini, daga marina yake fitowa, marinun kuma sun ragu.

Babban aibin wasunsu shi ne saurin yarda in mai gida ya ce a shafe da siminti. Siminti ba ya kama ƙasa. Danshi kan taru a bayansa, bangon ya ruɓe a ɓoye, wata rana filastar ta ɓamɓaro gaba ɗaya da naman ginin. Haka nan wasu kan sa gajeren indararo, ruwa ya riƙa zuba a gindin bango yana cin sa. Rubutaccen lissafin kaya ma da wuya su bayar sai an matsa.

Aikin yana biyan kuɗinsa ga wanda zai iya sabunta yaɓe bayan shekara ɗaya ko biyu. Ɗakin ƙasa ya fi na kwano sanyi nesa ba kusa ba a watan Afrilu. A kira magini bayan kaka, a gama kafin hadarin farko.