Kwamfuta mai yawan ɗaukewa: fomatin, sabuwar RAM, SSD, ko sabuwar na'ura?

Da zarar kwamfuta ta fara daskarewa, ko ta riƙa nuna shuɗin allo tana sake kunna kanta, shawarar farko da ake ba mai ita ita ce a yi mata fomatin, wato a goge komai a sake ɗora Windows. Wani lokaci hakan na kawo ƙarshen matsalar. Sau da yawa kuma sai a kwana biyu lafiya, ciwon ya dawo, bayan an ɓata yini guda ana sake ɗora manhajoji. Dalili kuwa, sake ɗora Windows manhaja kawai yake gyarawa. Idan RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita yayin da take kunne, ce ta lalace, ko faifan ajiya ya fara mutuwa, ko zafi ke kashe na'urar, ko sau goma aka yi fomatin ba abin da zai canza. Kafin ka sayi wani abu ko ka goge komai, gwaje-gwajen da ba sa cin ko sisi za su nuna maka inda laifin yake.

Fara da yadda take ɗaukewa

Kwamfutar da ke mutuwa ɗif, babu shuɗin allo, babu gargaɗi, musamman lokacin da ake aiki mai nauyi kamar tace bidiyo ko wasa, zafi ko wutar lantarki ake fara zargi. Wadda ke tsayawa cak na daƙiƙa ashirin ko talatin sannan ta ci gaba, faifan ajiya ake dubawa. Wadda kuma ta fara rikici washegarin da aka ɗora wata manhaja ko aka sabunta Windows, da wuya a ce wani ƙarfe ne ya lalace a cikinta.

Windows na ajiye tarihin wannan duka. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta perfmon /rel, za ka ga jadawalin ranaku da jan tambari a duk ranar da na'urar ta faɗi, da abin da aka ɗora mata kafin nan. Idan ka leƙa Event Viewer ka ga Kernel-Power 41, kada ya ɗauke maka hankali. Cewa kawai yake yi an kashe kwamfutar ba bisa ƙa'ida ba, bai faɗi dalili ba.

Rubutun da ke ƙasan shuɗin allon ya fi amfani, a ɗauki hotonsa da waya. A sabuwar Windows 11 allon ya koma baƙi, amma rubutun na nan. MEMORY_MANAGEMENT da PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA kan nuna RAM, ko da yake gurɓataccen direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da wani ɓangare na na'ura, shi ma na jawo su. KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR na nufin an kasa karanto bayani daga faifai. VIDEO_TDR_FAILURE na katin hoto ne ko direbansa. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuwa galibi furosesa (ƙwaƙwalwar lissafin na'urar) ko madabod (babban allon da sauran sassa ke haɗe a kai) ne da kansu suka kai ƙara, fomatin ba ya taɓa shi. Akwai wata alama da ta fi kowane rubutu ɗaya ƙarfi: idan kullum saƙo ɗaya ne ke fitowa da sunan fayil ɗaya mai ƙarewa da .sys, direba ne. Idan kuma yau wannan saƙo, gobe wancan, babu tsari, RAM ce a mafi yawan lokuta. Manhajar BlueScreenView na karanta fayilolin da ke C:\Windows\Minidump ta jera maka su.

Direba shi kaɗai ya isa ya kayar da lafiyayyar kwamfuta. A ranar 19 ga Yuli 2024, sabuntawa guda ta manhajar tsaro ta CrowdStrike ta jefa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, kuma maganin shi ne goge fayil ɗaya.

Gwajin da ke raba gardama

Nemi filashi mai gigabait 8, ɗora masa Linux Mint ko Ubuntu, wato tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows, da manhajar Rufus, ka tayar da kwamfutar daga filashin ba tare da ka girka komai ba. Yi aiki da ita na wasu sa'o'i, buɗe bidiyo da shafukan intanet da yawa. Idan ta ɗauke a nan ma, Windows ba ta da laifi, ƙarfe ne. Idan ta zauna lafiya, zargi ya koma kan Windows, direbobinta, ko faifan da take zaune a kai, domin Linux ɗin filashi bai taɓa faifan ba. Wannan na ƙarshe shi ne abin da ake yawan mantawa.

Zaɓi na farko: gyaran da ba ya goge komai

Buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa, ka fara da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, in ya gama ka bi shi da sfc /scannow. Jerin na da muhimmanci, saboda na biyun daga ma'ajiyar da na farkon ya gyara yake ɗauko fayiloli masu kyau. Idan katin hoto ake zargi, shiga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da muhimman direbobi kawai, cire direbansa gaba ɗaya da Display Driver Uninstaller, sannan ka ɗora sabo daga shafin NVIDIA, AMD ko Intel. Manhajojin da ke alƙawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya, a guje su, su kansu suna cikin masu jawo shuɗin allo. Haka ma manhajar kariya daga bairos guda biyu a na'ura ɗaya.

Zaɓi na biyu: sake ɗora Windows, wanda iri uku ne

Mafi sauƙi shi ne ɗorawa a kan tsohuwar. Ka sauko da fayil ɗin girka Windows, wato ISO, daga shafin Microsoft, ka buɗe shi daga cikin Windows, ka danna setup.exe, ka zaɓi a bar maka fayiloli da manhajoji. Windows 11 na da irin wannan a Settings, System, Recovery, ƙarƙashin Fix problems using Windows Update. Fayilolin tsarin ne ake sabuntawa, sauran na nan. Rauninsa shi ne, idan wata manhaja ko direba ne mai laifin, yana iya biyo ka.

Na tsakiya shi ne Reset this PC. Ko ka zaɓi Keep my files, manhajojin da ka ɗora duk za su tafi. Idan intanet ɗinka zai iya ɗaukar gigabait 4 ko fiye, zaɓi Cloud download, domin ɗayan zaɓin daga fayilolin da ke cikin na'urar yake sake gina Windows, waɗanda wataƙila su ne suka gurɓace.

Na uku shi ne fomatin na gaske daga filashi, a goge faifai a fara daga farko. Shi ya dace idan bairos ya yi katutu, ko an gwada biyun farko ba su yi ba, ko za a saka sabon SSD, wato faifan ajiya na zamani mara juyawa. Kafin ka fara, kwashe fayilolinka zuwa wani faifai daban, ka buɗe wasu daga ciki ka tabbatar sun kwafu. Nemo lambar ceto ta BitLocker mai alƙaluma 48 daga asusunka na Microsoft, domin laftof da yawa na zuwa da faifai a kulle ba tare da mai shi ya sani ba. Sauko da direban Wi-Fi ka ajiye a filashin, saboda Windows 11 na neman intanet yayin girkawa. A wasu laftof masu furosesan Intel na ƙarni na 11 zuwa sama, mai girkawar ba ya ganin SSD sam sai an ba shi direban Intel RST, mutane da dama kan ɗauka faifan ne ya mutu. Lasisin Windows kuwa yawanci a madabod yake ɗaure, zai dawo da kansa muddin ka ɗora irin wadda take kai, Home a kan Home, Pro a kan Pro.

Bayan fomatin, kada ka zuba duk manhajojinka rana ɗaya. Ɗora su kaɗan-kaɗan, ta yadda in faɗuwar ta dawo za ka san wadda ta kawo ta.

Zaɓi na uku: RAM

Kada ka saya sai ka gwada. Windows na da mdsched.exe, amma gwajinsa gajere ne, yana barin kurakurai su wuce. MemTest86 ko Memtest86+ da ake tayarwa daga filashi sun fi, a bar su su yi zagaye huɗu, wanda kan ɗauki sa'o'i. Kuskure ko guda ɗaya ne, ya isa hujja. Idan sanda biyu ne a ciki, cire ɗaya ka sake gwadawa, sannan ka musanya musu rami, domin wani lokaci ramin madabod ne ya lalace, ko sandar ba ta zauna daidai ba. A kwamfutar tebur, kashe XMP ko EXPO, wato saitin ƙara wa RAM gudu, a BIOS (shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi) tukuna. Idan kurakuran suka ɓace, RAM ɗin lafiya take, gudun da aka ɗora mata ne ya fi ƙarfin na'urar.

Wajen saye, DDR3, DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna. Ta laftof gajera ce, SO-DIMM, mai fil 204 a DDR3, 260 a DDR4, 262 a DDR5. Wasu tsofaffin laftof DDR3L mai bolt 1.35 kawai suke karɓa, ba sa tashi da mai bolt 1.5. Manhajar CPU-Z za ta nuna maka irin da ke ciki. Sayen biyu iri ɗaya a kwali ɗaya ya fi haɗa tsohuwa da sabuwa kwanciyar hankali. Siraran laftof da yawa kuma RAM ɗinsu a liƙe take da dalma a jikin madabod, idan ta lalace madabod ɗin ake canzawa. A lura kuma, ƙarancin RAM nauyi yake sa kwamfuta, ba kasafai yake kawo shuɗin allo ba.

Zaɓi na huɗu: SSD

CrystalDiskInfo na karanta rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa da kansa. A tsohon faifai mai juyawa, duba layukan 05, C5 da C6, waɗanda ke ƙidaya wuraren da suka lalace ko ake shakkarsu. Idan ya nuna Caution, ko adadin na ƙaruwa daga mako zuwa mako, kwashe fayilolinka yau, kafin kowane gwaji. Kada ka gudanar da chkdsk /r a kan faifai mai mutuwa kafin kwashewa, karanta kowane lungu da yake yi na iya ƙarasa shi.

A ganinmu, cikin duk abin da za a saya, nan kuɗi ya fi yin aiki, domin ko ba shi ne sanadin faɗuwar ba, tsohuwar na'ura kan farfaɗo da SSD. Mai inci 2.5 na SATA na gudun megabait 550 a daƙiƙa, yana kuma shiga gurbin tsohon faifan laftof. Nau'in SSD mai suna NVMe na PCIe 3.0 na kaiwa 3,500. Tarkon na wajen M.2: siffa ce kawai, akwai M.2 na SATA, akwai na NVMe, kuma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. Duba littafin na'urar, ka duba tsawon ma, 2280 ne aka fi samu amma akwai 2242 da 2230. Gigabait 256 na cika da wuri, 512 ya fi dacewa. Idan tsohon faifan na da rauni, kada ka kwafe shi sukutum zuwa sabon, ɗora Windows sabuwa fil.

Zafi da wuta

HWiNFO zai nuna maka zafin furosesa. Idan yana haura digiri 90 a ƙaramin aiki, akwai matsala. Yawancin na Intel kan rage gudu a kusa da digiri 100, in abin ya wuce haka na'urar ta kashe kanta. Maganin ya fi kowanne arha: a fitar da ƙurar da ta toshe fanka da ragar fitar iska, a riƙe fankar kada ta juya yayin hurawa, a goge tsohon man sanyaya furosesa da sinadarin isopropyl, a sa sabon ɗigo ɗaya mai faɗin milimita 4 zuwa 5.

Idan zafi daidai yake amma kwamfutar tebur na mutuwa da an matsa mata, akwatin wutarta ne abin zargi. Aro wani ka gwada kafin ka saya. Kada ka buɗe cikinsa, yana riƙe wuta ko an zare shi daga soket, kuma kada ka yi amfani da wayoyin tsohon akwatin masu cirewa a jikin sabon, tsarinsu ya bambanta, suna iya ƙona faifai. A laftof, duba ko cajar ta kai wat ɗin da aka rubuta a ƙasan na'urar, ka duba ko batirin ya kumbura.

Masu kwamfutar tebur mai furosesan Intel na ƙarni na 13 da na 14 suna da nasu batun daban. A 2024 kamfanin ya amince cewa wasu daga cikinsu na lalacewa saboda yawan wuta, ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garantinsu. Gyaran na kare wanda bai lalace ba, wanda ya riga ya fara faɗuwa kuwa canji ake nema masa.

Yaushe za a haƙura a sayi wata?

Idan RAM ta ci gwaji, faifai lafiya, zafi daidai, kuma na'urar na faɗuwa har a Linux, saura madabod ko furosesa. A laftof wannan gyara ne mai tsada, sai a auna shi da shekarun na'urar. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma na buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesan Intel na ƙarni na 8 ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Canza wa na'urar da ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba madabod, zuba kuɗi ne a abin da wa'adinsa ya ƙare. Idan kuma lafiyarta ƙalau, shekaru ne kawai, SSD da Linux Mint za su ƙara mata kwana.

Wanda zai sayi ta hannu ya tafi da filashinsa. Ya duba lambar furosesan a Task Manager, i5-8250U ƙarni na 8 ne, i5-7200U na 7. Ya duba sa'o'in da faifan ya yi yana aiki a CrystalDiskInfo, ya rubuta powercfg /batteryreport ya kwatanta ƙarfin batirin na yanzu da na asali, ya kuma nemi a ba shi ko kwana biyu ne na gwaji domin MemTest86 ya gama zagayensa huɗu.