Tabarau mai karkatar da gani: abin da ya yi wa ido da kunnen mahaifina

Bayan jini ya toshe a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwar mahaifina, gwaji ya nuna idanunsa da kunnuwansa lafiya lau suke, amma duk abin da ke hagunsa ya zama tamkar babu shi. Yakan cinye abincin da ke dama a faranti ya bar na hagu, sannan ya ce an rage masa, kuma idan na yi masa magana daga hagu sai ya waiwaya dama yana neman mai maganar. Saboda wannan larura ta watsi da ɓangare ne likitar da ke ba shi horo ta ba mu shawarar sayen tabarau mai gilashin firizim.

Gilashin yana karkatar da duk abin da aka kalla zuwa dama da digiri 10. Mara lafiya yana sanye da shi yake nuna alamomi a kan tebur da yatsa. Da farko yatsan yakan zarce dama, sannu a hankali ƙwaƙwalwa ta gyara lissafinta, idan aka cire tabaran kuma sai hannu ya riƙa karkata hagu. Yves Rossetti da abokan aikinsa a Lyon ta Faransa ne suka bayyana wannan dabara a mujallar Nature a 1998.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kunne. A mako na biyu na kira shi daga hagu, ya juyo wajena kai tsaye, alhali ba a taɓa yi wa jinsa wani horo ba. Wani bincike da aka buga a mujallar Brain a 2010 ya nuna cewa irin wannan horo yana inganta jin kalmomin da ke shiga ta kunnen hagu, wataƙila domin ido da kunne suna amfani da hankali guda ne wajen bibiyar inda abu yake.

Tabaran yana da nauyi, yana zamowa a hanci, kuma amfaninsa yakan dushe idan aka yi kwanaki ba a maimaita horon ba. Takardar bayanin da ta zo da shi ba ta ambaci sauti ko sau ɗaya ba, wanda a ganina babban giɓi ne, tunda ƙwanƙwasa cokali a jikin kofin da ke hagunsa yakan sa ya ga kofin nan take. Ba kowane mara lafiya yake amfana da shi ba, saboda haka ba na ba da shawarar a saya sai da sa idon likita.