Dillalin da ya nemo wa Yaya tsohon gida a cikin birnin Kano

Jama'a masu tambayata a inbok wane ne ya haɗa mu da gidan nan, to ga yadda aka yi. Yayana riɗi yake saye a kasuwar Maigatari, mu ƴan wani ƙauye ne kusa da Gumel, ya daɗe yana cewa shi fa tsohon gida yake so a cikin badala, irin na attajiran da, mai zaure biyu da soro da zankwaye, ba wai fulat a Nasarawa ba.

Dillalin gaskiya ya san aikinsa. Gida huɗu ya kai mu, na ukun wajen Ƙofar Mata, ina shiga zauren na ɗaga kai na ga ɗaurin guga (bakan rufin ƙasa irin na gargajiya) da azara duk baƙi wuluk don tsufa amma ko gara babu, ga sanyi kamar an kunna esi alhali rana ta take, wallahi sai da jikina ya mutu.

Abin da ya fi burge ni shi ne da kansa ya ce kada a biya ko sisi sai an duba takardu a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, kuma tunda gidan gado ne sai duk magada sun sa hannu gaban lauya, har wata ƴar marigayin da ke aure a Zariya sai da aka jira ta.

Inda ya ɓata min rai, bai faɗa mana katangar baya ta sha ruwa ba, sai da damina ta sauka muka gani, kuma samun maginin da ya iya yaɓen makuba yanzu aiki ne. La'adarsa ma ya ƙi rage ko kwabo. Duk da haka Yaya ya ce in zai ƙara saye shi zai kira.