Burodin ayaba a Amurka: na kwali da na hannu

A nan Amurka ayabar da ta nuna har ɓawonta ya yi baƙi tana da daraja, kuma ban san haka ba sai ranar da wata dattijuwa maƙwabciyata a birnin Minneapolis ta tarar zan zubar da wasu a shara, ta roƙe ni in ba ta. Na miƙa mata ina jin nauyi, domin a tarbiyyarmu ba a yi wa mutum kyautar abin da ya kusa ruɓewa. Kafin la'asar sai ga ta da burodi mai ɗumi a naɗe cikin ƙyalle, cikinsa launin ƙasa-ƙasa, ga laushi ga danshi, zaƙinsa bai kai na kek ba amma ya wuce na burodin mai shayi. Yarana suka cinye shi a zama ɗaya, ni kuwa na kasa yarda cewa daga wannan baƙar ayabar ya fito.

Da na nemi yin nawa, sai na fara da abin da ya fi sauƙi, wato haɗin kwali. A manyan kantunan ƙasar nan akwai layi guda da babu komai a cikinsa sai kwalayen garin kek da burodi da fanke, an riga an haɗa fulawa da sukari da gishiri da abin kumburi, aikinki kawai ki zuba ruwa da mai da ƙwai. Wannan birni shi ne gidan sana'ar, domin a bakin kogin Mississippi aka kafa injinan niƙan alkama da suka haifi kamfanonin General Mills da Pillsbury, kuma su ne suka baza irin wannan gari a gidajen Amurkawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Dole in yaba musu a kan tsari. A bayan kowane kwali an rubuta yawan ruwa da mai, an faɗi zafin wuta, digiri 350 a ma'auninsu wanda ya yi kusa da 180 a namu, an faɗi minti nawa, kuma idan kika bi umarnin, abin da kika samu yau shi za ki samu gobe. Doka ta tilasta a jera duk abin da ke cikin garin, daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, tare da gargaɗi ga wanda alkama ko madara ko ƙwai ke cutarwa.

Wannan jerin ne kuma ya fara ɓata mini rai. Musulma a ƙasar nan ba ta sayen abu sai ta tsaya ta karanta, ga rubutun ƙanana, ga sunayen sinadarai masu tsawo, wasunsu ana iya samo su daga tsiro ko daga kitsen dabba, kuma kwalin ba lallai ne ya bayyana wanne aka yi amfani da shi ba. Ko ruwan banila da suke ɗigawa don ƙamshi, dokarsu ta ce na ainihi sai ya ƙunshi barasa aƙalla kashi 35 cikin ɗari, don haka nake neman na gari a shagunan 'yan Somaliya. Bayan duk wannan wahala, burodin da ya fito ya tashi sosai, ya yi kyan gani, amma sukari ya yi masa yawa, kuma ƙamshin ayabar da ke cikinsa na kanti ne, ba ya kama harshe. Wani nau'in kwalin ma cewa yake ki kawo ayabarki ki ƙara, wanda ke nufin fulawa da sukari kawai aka sayar miki a kan kuɗin da ya fi na kasuwa.

Dattijuwar ce ta tsayar da ni a kicin ɗinta ta nuna mini na hannu. Ayaba uku da suka nuna lugub ake dagargazawa da cokali mai yatsu, a haɗa da rabin kofin bota, da sukari ƙasa da kofi ɗaya, da ƙwai biyu, sannan a zuba fulawa kofi biyu da ƙaramin cokali na bekin soda da ɗan gishiri. Babu yis, babu murzawa, babu jiran ƙullu ya tashi. Ta ja mini kunne cewa da zarar fulawa ta ɓace a cikin haɗin a daina juyawa, domin yawan juyi yana sa burodin tauri. Ta kuma bayyana mini cewa baƙin ɓawo alama ce ta cewa sitacin ayabar ya rikiɗe ya zama sukari, shi ya sa take tara su a firiza har su isa. A wajen mahaifiyarta ta koya, kuma burodin ya yaɗu ne a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, mata ba sa iya zubar da komai. Gashin awa guda ne ko da kwali ko da hannu, lokacin da kwalin ke rage miki bai wuce na auna gari da wanke kwano ɗaya ba.

Duk da haka ayabar ƙasar nan ba ta kama ƙafar tamu ba. Kusan duk nau'i ɗaya ce, Cavendish, ana yanko ta ɗanya daga ƙasashe irin su Guatemala da Ecuador da Costa Rica, a nunar da ita da iskar gas a ɗakunan ajiya, ta fito doguwa, rawaya, babu tabo, kuma babu ɗanɗano sosai. Duk lokacin da nake dagargaza ta sai in tuna 'yan ƙananan nan masu ƙamshi da ake saukewa daga kudu a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano, in tuna kuma yadda wadda ta nuna da yawa take ƙarewa a juji ko a bakin awaki, alhali mai ita ya yi asarar kuɗinsa. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai. Muna da kayan da suka fi nasu, amma ba ma son awo, komai sai a ce "a zuba daidai misali", kuma wadda ta iya abu sai ta ɓoye sirrinsa ko ga ƙanwarta, shi ya sa alkakin wata ke mutuwa tare da ita.

'Yan'uwa da yawa sun aiko mini saƙo in taho musu da kwalayen nan idan zan zo, don kawai kayan waje ne, kuma na ce ba zan cika akwatina da fulawa ba. Na san za a kawo uzurin rashin wutar lantarki, amma matanmu sun daɗe suna gasa kek a tukunya da yashi a kan gawayi, kuma wannan burodin ba ya buƙatar abin da ya wuce haka, sai dai a sassauta wutar domin kada bayansa ya ƙone cikinsa bai nuna ba. Kofunan awo da cokulansu na saya wa kowane ɗaki, kuma zan rubuta ma'aunin da Hausa in haɗa da su.