Ƙamus ɗin Oxford na Kalmomi Masu Tafiya Tare: Yadda Na Same Shi Wajen Rubuta Rahoton Sulhu

Duk wanda ya taɓa zama sakataren kwamitin sasanta jama'a, aka kuma ɗora masa nauyin rubuta rahoto da Turanci, ya san cewa wahalar ba ta rashin sanin kalmomi ba ce, ta rashin sanin wace kalma ce ke zama kusa da wace. A Hausa muna cewa an warware matsala, an sasanta rikici, an biya bashi, ba tare da mun tsaya tunani ba. Turanci ma yana da irin wannan tsari, kuma saboda shi ne na sayi Oxford Collocations Dictionary, bugu na biyu wanda ya fito a 2009, bayan na farko na 2002.

Littafin ya ƙunshi tushen kalmomi kusan 9,000 tare da abokan tafiyarsu, kuma abin da ya fi burge ni shi ne tsarinsa. Idan ka buɗe kalmar "dispute", wato jayayya, za ka tarar an jera aikatau da ke tayar da ita a rukuni guda, sannan waɗanda ke kawo ƙarshenta, irin su "resolve" da "settle", a wani rukunin dabam. Idan kuma ka koma kan "resolve" ɗin kanta, sai ka ga kalmomin da ke bayyana yadda aka yi sulhun, kamar "amicably" da "peacefully", waɗanda su ne mai rahoto ke nema idan yana son nuna cewa an rabu cikin mutunci, babu wanda ya tashi da ƙulli a zuciya.

Kalmar "settle" ce ta fi jan hankalina, domin tana tafiya da bashi da kuɗin kaya, tana kuma tafiya da shari'ar da aka kashe a wajen kotu. A Turancin titi na Najeriya kuwa, idan aka ce an yi "settling" ɗin wani, sau da yawa ana nufin an ba shi na goro ne don ya yi shiru, ma'anar da ba ta dace da rahoton hukuma ba, kuma misalan littafin suna taimaka wa marubuci ya kauce mata.

Sai dai ba ƙamus ne na ma'ana ba. Yakan jera "resolve" da "settle" da "solve" wuri ɗaya ba tare da dogon bayanin bambancinsu ba, don haka ɗalibin da bai riga ya san cewa "solve" ta fi zama da lissafi ko binciken laifi ba zai buƙaci wani ƙamus a gefe. Ga malamai da masu fassara da 'yan jarida, kuɗinsa ba asara ba ne. Ga ɗan ajin farko na sakandare kuwa, ina ganin ya yi masa nauyi tukuna.