Wata uku muna kai jinin Hajiya ɗakin gwaji: abin da na gani

An yi wa Hajiya, mahaifiyata, aikin maƙoƙo, aka cire ƙullin wuyan gaba ɗaya. Kwana uku da aikin, bayan sallar isha, ta ce leɓɓanta kamar kiyashi na yawo a kansu. Kafin ƙarfe sha ɗaya yatsunta sun ƙage, babban ɗan yatsa ya lanƙwashe cikin tafin hannu. Gwaggo ta ce iska ce, a nemo rubutu. Ni dai na tsayar da keke muka koma asibiti daga Tudun Wada. Likitan ya ɗaura mata na'urar awon hawan jini, ya hura ya bar ta ɗan lokaci, hannun ya ƙara murɗewa. Ya ce kalsiyam ɗin jininta ne ya faɗi. Aka auna, 1.8, alhali ana so ya zauna tsakanin 2.1 da 2.6 na milimol a kowace lita. Aka saka mata kalsiyam ta ƙarin ruwa, kafin gari ya waye hannun ya saki.

Daga nan zaryarmu ta fara zuwa wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a wajen Unguwar Rimi, don asibitin ba sa yin ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka rubuta. A kansu nake wannan sharhi.

Zan fara da abin da ya ɓata mini rai, don shi ne ya ci kuɗina. Takardar likita gwaji uku ce: kalsiyam, albumin, da wani da ake kira PTH. Da aka lissafa, kuɗin PTH shi kaɗai ya ninka na sauran biyun sau da yawa. Yarinyar da ke zaune a kantar wurin ta ga na yi shiru, ta ce, "Yallaɓai, ku yi kalsiyam yau, in kun samu hali ku dawo a yi ɗayan." Na ɗauka taimako ne, har na gode mata. Bayan kwana huɗu muka dawo aka ɗibi jinin PTH. Da na kai wa likita takardun biyu, sai ya ajiye su ya ce ba zai iya haɗa su ba, sai an sake, a allura ɗaya, a lokaci ɗaya.

Bayanin da ya yi mini a ranar shi ne ya sa har yanzu nake ganin laifin ɗakin gwajin. A bayan ƙullin wuyan da aka cire akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowace kamar ƙwayar shinkafa, ana ce musu faratayirod. Aikinsu ɗaya ne, ɗanɗana jini dare da rana. A jikinsu akwai wani ma'auni da kalsiyam ke manne wa. In kalsiyam ya wadata, ma'aunin ya sa su yi shiru. In ya ragu ko kaɗan, cikin daƙiƙu su saki wani sinadari cikin jini, shi ne PTH ɗin. Shi kuma ɗan aike ne zuwa gida biyu. Ya je ƙashi, wanda shi ne rumbu, tunda kashi 99 cikin ɗari na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙori, ya ce a ɗebo. Ya je ƙoda ya ce a daina zubar da kalsiyam a fitsari, a zubar da wani sinadari da ake kira fosfet maimakonsa. A ƙodar nan kuma yake sa a kammala sarrafa bitamin D, wanda shi ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci. Da jini ya cika, ƙwayoyin su ji, su rage aike. Kuma PTH ba ya daɗewa, cikin 'yan mintuna rabinsa ya ɓace daga jini. To ina amfanin PTH na ranar Litinin a gefen kalsiyam na ranar Alhamis da ta wuce? Wanda ke sayar da gwajin nan ya kamata ya san haka, ko aƙalla ya kira wani daga ciki ya tambaya kafin ya ba ni shawara.

Da aka sake a tare, kalsiyam ya fito 1.95, PTH kuma 11, a takardar an rubuta 15 zuwa 65. Ni na ga kamar ai saura ƙiris. Likita ya ce a'a, mai kalsiyam ƙasa haka kamata ya yi PTH ɗinsa ya tashi sama sosai yana neman gyara. Zamansa a ƙasa shi ke nuna ƙwayoyin sun jigata wajen aikin, jinin da ke ciyar da su ya taɓu. Shi kuwa albumin, kusan rabin kalsiyam ɗin jini a manne yake da furotin, galibi albumin, don haka in ya yi ƙasa sai lambar kalsiyam ta fito ƙasa fiye da gaskiya. Likita ya kuma sa a duba sinadarin magnesiyam sau ɗaya, don ƙarancinsa ma yana hana ƙwayoyin sakin PTH. Na Hajiya lafiya lau.

Na karanta daga baya cewa a jikin karkanda aka fara ganin waɗannan ƙwayoyi, a Landan, a tsakiyar ƙarni na 19, sannan wani ɗalibin likitanci a Uppsala ta Suwidin, Ivar Sandström, ya bayyana su a jikin ɗan'adam a 1880. Da na gaya wa Hajiya sai ta ce, "Kai ɗan nan, da karkanda kake haɗa ni?" Ba ta kiran sunana, ɗan fari ne ni.

Yabo kuwa na mai ɗibar jinin ne. Jijiyar Hajiya ba ta fita da sauƙi, amma ba ta taɓa sukarta sau biyu ba, kuma da allura ta shiga take kwance robar da ta ɗaure dantse. Na tambaye ta, ta ce in robar ta daɗe tana iya ɗaga lambar kalsiyam. Takan ce, "Mama, yi haƙuri, yanzu za a gama," kafin Hajiya ta gama bismilla an cire. Ita ce ma ta fara tambayarmu ƙarfe nawa Hajiya ta sha maganinta, ta rubuta a gefen takarda. Wurin yana da tsafta, janaretonsu na tashi da an ɗauke wuta, kuma sakamakon kalsiyam yana shigo mini ta WhatsApp kafin la'asar.

PTH ne ba su yi a nan, aikawa suke yi wani gari. Sun ce kwana uku, sau biyu ya kai mako. Ba wanda zai kira ka, sai ka bi. Wurin zama ma benci biyu ne, da safe tsofaffi na tsaye.

Yanzu Hajiya na shan kalsiyam kabonet tare da abinci, da kalsitirayol, wato bitamin D da aka riga aka kammala tunda ƙodarta ba ta samun isasshen aike. Maganin tayirod kuma, wanda ke maye gurbin aikin ƙullin wuyan da aka cire, da asuba, a bar awa huɗu tsakaninsa da kalsiyam, in ba haka ba hanji ba ya ɗaukarsa da kyau. Gwajin makon jiya kalsiyam 2.25, PTH ya hau 24, likita ya rage mata ƙwaya ɗaya.

Zan ci gaba da zuwa wurinsu, saboda mai ɗibar jinin da kuma kusancin. Amma yanzu ni nake karanta takardar likita da kaina a gaban kanta, in ce a haɗa duka a ɗiba ɗaya, ko mu koma gida sai ranar da kuɗin ya cika. Kuɗin PTH na farkon nan dai na nemi a rage mini a gwaji na gaba, manajan ya ce zai duba, yau wata biyu ke nan.